Sabis Ne Ya Ɗauke, Yaya

Samaru biyu ce a Jihar Kaduna, kuma duk wanda ya ba direba saƙo bai fayyace wacce ba, to ya tafi Zariya neman kayansa. Ta biyun ita ce Samarun Kataf, a ƙaramar hukumar Zangon Kataf, ƙasar Atyap, inda hanyoyin Zonkwa da Saminaka da ta Kagoro zuwa Kafanchan suka haɗu. Akwai reshen koyon aikin gona na Kwalejin Nuhu Bamalli a garin, don haka ba a rasa ɗalibai, kuma inda ɗalibai suke ba a rasa wayar da batirinta ya mutu.

Wannan ce sana'ar gogan namu. Rumfar caji gare shi kusa da shataletale: allon katako cike da soket, kowace waya da 'yar takardar lamba manne a bayanta, ƙaramin janareta yana tari a bayan rumfa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, gidaje da dama suka rufe janaretansu da buhu, cinikin caji ya buɗe. Ribar ba ta shiga adashe ba. Ta shiga eFootball, wasan ƙwallon kamfanin Konami na Japan, wanda kafin 2021 ake kira PES. Kyauta ake sauke shi a waya, amma mai son manyan 'yan wasa da gaggawa sai ya buɗe aljihu. Gogan ya buɗe. Ya tara ƙungiya har da Messi a ciki, ya laƙaba wa kansa suna mai zaki da wuta da lamba bakwai a jere.

Iya wasa, ya iya daidai gwargwado. Halin ne sai a hankali. In ya jefa ƙwallo, ba ya tsallake murnar, sai abokin karawa ya kalli rawar har ƙarshe, sannan ya kalli maimaici. In yana gaba da ɗaya, sai ya koma yana tura ƙwallo tsakanin gola da 'yan baya har lokaci ya cika. In kuwa shi ake ci, akwai dabara: babban yatsa ya jawo saman allon waya, ya taɓa hoton jirgin sama, komai ya tsaya cik. Sai ya ɗaga kai da fuskar wanda aka zalunta.

"Sabis ne."

A gaskiya babu uzurin da ya dace da ƙasar nan kamar wannan, domin rabin lokaci gaskiya ne. Mai wasa a Samaru yana fafatawa da mutum uku a lokaci guda: abokin karawarsa, da mai ba da wuta, da mai ba da sabis. Kamfanonin gem sun san masu gudu, shi ya sa a wasan neman matsayi wanda ya katse shi ake rubuta wa faɗuwa. Amma wasan abokai, wanda ake buɗe ɗaki a aika wa mutum lamba ya shigo, ba shi da alƙali sai hoton allo da kuma amana.

Da Kirsimeti ta matso, samarin Samaru da Zonkwa da Kagoro da Kafanchan suka haɗa gasa ta WhatsApp, kowa naira dubu, wanda ya yi nasara ya kwashe. Mai shirya gasar ya kafa dokoki biyu. Ta farko, ba maganar addini, ba maganar ƙabila. Ba wanda ya nemi bayani, domin yankin da ya ga rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992 ya san inda baki ke kai mutane. Ta biyu, in wasa ya katse kafin hutun rabin lokaci, a sake. Game da iyayen mutane, doka ba ta ce komai ba.

Gogan ya tsallake zagayen farko, sai ƙuri'a ta haɗa shi da wani da ko suna bai damu ya sa wa kansa ba, ya bar wanda na'ura ta ba shi. 'Yan wasansa duk na kyauta ne. Gogan ya kira masu jiran caji su matso su ga aiki.

Sun gani. Minti na shida aka ci shi da ka daga kwana. Kafin ya gama zagin golansa aka zura ta biyu. Mutumin ba ya gudu da ƙwallo, ba ya yanka, ba ya rawa in ya ci, sai gajerun fasin nan masu sa mutum ya ji kamar 'yan wasansa sun karɓi cin hanci. Messi kuwa yana can gefen fili ko ƙwallo bai taɓa ba. A minti na 31 ta uku ta shiga. Gogan ya miƙe ya ce janareta na wani irin ƙara, bari ya duba. Ya zagaya bayan rumfa, ya dawo yana girgiza kai.

Wani yaro da aka aiko karɓar wayar yayarsa ya leƙa ya ce, "Yaya, ga jirgi ya fito a saman wayarka."

An sayi shirun yaron da cajin kyauta na mako guda, kuma bisa doka ta biyu aka sa ranar sakewa.

Washegari da dare abin ya zo da sauƙi. Gogan ya samu fenariti, Messi ya tuna aikinsa, ɗaya da nema. Ya koma sana'arsa ta tura ƙwallo baya, yana ƙirga mintoci. Saura kaɗan a tafi hutu, sai 'yan wasa suka sandare a fili, ɗan da'irar nan ya fara juyawa a tsakiyar allo. Wannan karon babu jirgi. Sabis ne na gaskiya, ya tafi bai yi sallama ba. 'Yan acaba da ke fakin a wurin sun ba da labarin yadda suka ga mai caji ya zagaya shataletale da gudu, waya a sama, yana tsalle yana rantsuwa da harshe biyu. Da sabis ya dawo, hukunci ya riga shi isa: sau biyu ya yi yawa. Yaron nan ma, da yake yarjejeniyar ba ta hana shi gaya wa yayarsa ba, ya gaya mata, ita kuma saurayinta yana cikin gasar. Aka ba mutumin da ba shi da suna nasara.

A yi wa gogan adalci ta fuska ɗaya. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowane wasa kuɗi ne ke ƙonewa. Ga dubu ta gasa, ga kuɗin Messi, ga idon jama'a. Sai dai duk wannan bai kai ya danna alamar makirufo ya riƙe ta minti biyu ba, kuma haka ya yi. Ya nemo lambar mutumin a jerin 'yan gasa, ya fara da Hausa, ya haye Turancin buroka, da abin ya kai maƙura ya sauka a Tyap. Bai taɓa addini ba, bai taɓa ƙabila ba, shi mai bin doka ne. Uwar mutumin ya kama. Ya ce ai gadon wahala ne, ɗan mai tallan gyaɗa a tasha ina ya ga kuɗin sayen ɗan wasa. Ya rufe da hoton tafin hannu guda biyar a jere, wanda a wasu ƙasashe gaisuwa ne, a nan kuwa daƙuwa.

Alamar an saurara ta fito. Can sai amsa ta zo, kalma biyu: "Na gode."

Ba Samaru ce ta ƙirƙiro wannan ciwo ba. A binciken da ƙungiyar ADL ta Amurka ta fitar a 2019, kashi 74 cikin ɗari na manya masu wasa ta intanet a ƙasar sun ce an taɓa cin zarafinsu a cikin wasa. Kamfanin Riot, mai League of Legends, a 2011 ya taɓa kafa wata kotu da 'yan wasa da kansu suka riƙa karanta maganganun wanda aka kai ƙara suna yanke hukunci, kuma a 2016 ya kori shahararren ɗan wasan nan Tyler1 saboda mugun hali, bai dawo da shi ba sai farkon 2018. A 2023 Activision ya sa wata na'ura mai suna ToxMod ta riƙa sauraron muryoyin masu buga Call of Duty tana tsamo masu zagi. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Wichita ta jihar Kansas a Disambar 2017: gardama kan cacar dala ɗaya da rabi a Call of Duty ta kai aka yi wa 'yan sanda kiran ƙarya, suka je wani gida suka harbe mutumin da ko wasan ba ya ciki. Wanda ya yi kiran, Tyler Barriss, ya samu shekara ashirin a kurkuku a 2019.

Duk waɗannan dabarun ba su iso rumfar caji ba. Na'urar da aka fara horarwa da Turanci ba ta jin Tyap, kuma zagin ma ya fita daga gem ya bi ta WhatsApp. Masu ƙera wasannin a Kalifoniya da Tokyo suna fama ne da mutanen da ba za su taɓa haɗuwa ba. A kudancin Kaduna matsalar akasin haka ce, kuma gogan bai lissafa da ita ba.

Bayan bikin Afan na Kagoro, wanda ake yi ranar ɗaya ga Janairu, kawunsa ya ce lokaci ya yi da za a je a gaida iyayen yarinyar da yake nema, 'yar Bajju a Zonkwa. Aka sayi kiret na lemo, gogan ya sa kaftani mai guga, suka tafi. Aka shigar da su falo. Ga Mama a kujerar tsakiya, ga 'yan uwa, ga babban yayan yarinyar, malamin makaranta a Kafanchan, mai furfura kaɗan a gemu, wanda gogan bai taɓa gani ba sai a hoto. Gogan ya durƙusa ya fara jero gaisuwa da muryar da ya tanada don irin wannan rana.

Yayan ya karkata kai. "Ƙanena, sake cewa ina wuni."

"Ina wuni, Yaya."

"Wannan murya na san ta."

Ya aiki wani yaro ya ɗauko lasifikar nan ta Bluetooth da ake sa waƙoƙin Kirsimeti. Ya nemi izinin kawu da ladabi: "Baba, a yi haƙuri, akwai saƙon da ɗanka ya aiko wa Mama ta hannuna, ban samu isarwa ba." Minti biyu ba su da tsawo a filin ƙwallo. A falon surukai kuwa, kawu ya cire hula ya mayar sau da yawa. Sashen Hausa kowa ya ji. Sashen buroka yara suka fassara wa wata tsohuwa. Da aka iso Tyap gogan ya ɗan samu sa rai, sai dai Jju da Tyap 'yan uwan juna ne, kuma zagi shi ne abin da maƙwabci ke fara koya. Yarinyar, da ke laɓe bayan labule, aka ji takunta ta yi cikin gida.

Ashe malamin tsohon hannu ne. Tun zamanin PlayStation 2 da Winning Eleven yake bugawa a gidajen gem na Kafanchan, inda ake zama kan benci ɗaya kafaɗa da kafaɗa, wanda aka ci ya biya kuɗin wasa ya miƙa wa na layi abin bugawa. A can mai son zagin uwar wani sai ya fara auna damtsen da ke gogar nasa. Bai yi wa'azi ba. Cewa ya yi akwai wasan da ba a ƙarasa ba, kuma sabis ɗin gidan nan lafiyarsa ƙalau.

Aka ajiye wayar gogan a kan teburin tsakiya, aka sa ƙaramin ƙanen yarinyar ya zauna kusa da shi yana gadin saman allo. Kawu, wanda bai san ko wace riga ce tasu ba, ya yi tafi a ƙwallo ta farko, sai da aka gaya masa ɗansa aka ci. An tashi bakwai da ɗaya, ɗayar ma ɗan bayan malam ne ya ci gida. Gogan ya zauna har busar ƙarshe, ya miƙa hannu biyu ya ce, "Yaya, ka iya."

"Sabis bai dame ka ba?"

"Bai dame ni ba, Yaya."

Sai kowa ya juya wajen Mama, wadda tun da aka kunna lasifika ba ta ce uffan ba. Kawu ya fara haɗa kalmomin ban haƙuri, ta ɗaga masa hannu. Ta ce ita ba ta riƙe yaro a zuci ba, ta haifi maza ta san haukarsu, kuma a sake zuwa bayan Ista a yi maganar da ta kawo su. Abu ɗaya ne dai take so a gyara tun yanzu.

"Ɗana, ni ban taɓa tallan gyaɗa ba. Citta nake sayarwa, kuma da buhu, ba da mudu ba. Ko shekarar 2023 da cuta ta cinye gonakin mutane, ban rufe sito ba. Ka sake ɗaukar muryar, ka faɗi daidai, ka aika inda ka aika ta farko."

Malam ya miƙo masa wayar. Ƙaramin ƙanen ya nuna masa inda makirufo yake.