Takalmin Shiga Kwale-kwale: Shawara ga Mutumin Rigasa

Mutumin Rigasa ya goge a harkar jirgi. Tun 2016 da aka buɗe tashar jirgin ƙasa mai zuwa Abuja, ya iya goge sau-ciki har ya ga fuskarsa a ciki, ya shiga tarago ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. To, Malam, kwale-kwalen Kogin Kaduna bai san gayu ba. In za ka tsallaka duba gona ko zuwa ɗaurin aure, fara da duba ƙafarka.

Sau-cikin nan na fata, bar shi a gida. Ƙasansa sumul yake, katakon jirgi kuma kullum a jiƙe. Taku ɗaya za ka yi, ka gaisa da mai tuƙi da ƙeya. Ko ka tsira daga santsi, fatar za ta sha ruwa ta bushe ta ƙandare kamar ganda.

Silifas kuwa ba shi da amana ko kaɗan. Yana ganin taɓon bakin kogi sai ya maƙale, ka taka gaba shi ya tsaya baya, hancinsa ya tsinke. In ya suɓuce cikin ruwa, shi ke nan, ya kama hanyar Shiroro, ya bar ka da wari guda, ba ka jefar ba, ba ka sa ba. Musamman a watan Agusta da Satumba, lokacin da kogi ya cika yana gudu.

Hajiya, don Allah, mai tsinin nan a sa shi a leda. In an sauka aka wanke ƙafa, sai a ɗora kwalliya daga inda ta tsaya.

Akwai wanda zai ce ai shi dogon takalmin ruwa na masu fadama zai zura. Wannan ya fi duka haɗari. Idan mutum ya faɗa kogi, ruwa yake cika shi, ya hana ƙafa motsi, cire shi kuma sai an sha wuya.

Abin da kake nema mai araha ne: takalmin roba mai maɗauri a dunduniya, ƙasansa mai zane-zane don ya kama katako, jikinsa a buɗe don ruwa ya shiga ya fita. Je Kasuwar Barci ka gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Ka shafa ƙasansa da yatsa. In ya sulɓe, mayar wa mai shago abinsa da godiya.

In ka zo shiga, ka taka tsakiyar jirgi, ka zauna inda mai tuƙi ya nuna maka. Kada ka bi jirgin da aka cika maƙil, kada ka bi na dare. Kuma ka tambayi rigar ceto kafin ka biya kuɗi, don takalmi komai kyansa bai iya iyo ba.