Famfon da Gwaggo Ta Wanke

Wani taron bita aka tura mu Abuja, a can na kwaso wa kaina jaraba. A banɗakin otal ɗin da aka sauke mu na ga famfo ruwan makuba, mai hannu ɗaya. Ka karkata shi hagu ya ba ka ruwan zafi, ka mai da shi dama ya ba ka na sanyi, ka tsai da shi a tsakiya ya sirka maka kamar za a yi wa jariri wanka. Kwana uku muka yi, wanka tara na yi. Abin da aka koyar a bitar kuwa, sai dai a tambayi waɗanda suka zauna.

A lokacin ina kan ƙarasa ɗan ginina a Tambuwal. Ina dawowa na nuna wa uwargida hoton a waya, na ce irinsa za a sa mana. Ta dubi hoton, ta dube ni, ta ce, "Malam, mu da ko tanki ba mu ɗora ba?" Na ce mata ba ta san ci gaba ba. Har hujja na kawo: idan hunturu ya shigo, farin famfo yakan yi butu-butu da ƙura, amma wannan launinsu ɗaya da ƙurar, ba mai gane wa. Ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa mai shirin kokawa da wanda ya fi ƙarfinsa.

Ranar Asabar na hau mota, muka wuce Dogon Daji, Shagari da Boɗinga, sai Sakkwato. Shagon farko na ce ina son famfo ruwan ƙasa, aka miƙo mini na roba. Na biyu na ce ruwan hanta, yaron shagon ya ce nan ba mahauta ba ce. Sai a na huɗu na haƙura da Hausata, na fito da waya. Nan take na zama Alhaji, ni da ko filin jirgi ban taɓa raka mahajjaci ba. Aka ajiye mini guda biyu, kamarsu ɗaya. Na ɗaga ɗaya na ji nauyi kamar dutsen niƙa, ɗayan kuma sakayau. Mai shagon ya yi mini gaskiya: mai nauyin tagulla ce a ciki, marar nauyin farin ƙarfe ne mai araha aka yi wa fenti, kuɗinsu ma ba su yi kusa da juna ba. Na ce a raina ai launi na zo saye, wa zai ɗaga famfo ya auna? Na ɗauki sakayau ɗin. Shi ma kuɗinsa ya isa tunkiya, tunkiyar ma mai ciki.

Mai gyaran famfo ya zo, ya juya shi gaba da baya, ya leƙa bango, ya ce, "Malam, ina bututu na biyu?"

Na ce, "Wane na biyu kuma?"

Ashe famfon sirki baki biyu gare shi, tazarar santimita 15 a tsakaninsu, ɗaya na ruwan zafi ɗaya na sanyi. Ni kuwa bututu ɗaya aka binne mini, an kuma riga an lulluɓe bangon da tayil. Ina tsaye ina ji aka sa guduma aka farfashe tayil ɗin da ban gama biyan kuɗinsa ba. Daga nan aka ce sai hita, domin famfon ba ya dafa ruwa da kansa. Wallahi ni a Abuja na ɗauka shi yake dafawa. Na sayi hita, na sayi tanki baƙi, aka ɗora shi a kan ƙarfe mai tsawon mita 3.

Ranar gwaji na tara yara, na yi bismilla, na ɗaga hannun famfon. Ya yi tari, ya yi shiru, sannan ya fara zubo da ruwa siriri kamar bakin butar shayi. Mai gyara ya ɗauko kwalin ya nuna mini inda aka rubuta ƙarfin ruwan da famfon yake so, wai bar ɗaya. Ya ce kafin ruwa ya yi wannan ƙarfin da nauyin kansa, sai tanki ya yi sama da famfo da kusan mita 10. Nawa tankin ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba. Ko dai in sayi injin tura ruwa, ko in gina hasumiya. Na ce a bar shi haka, mai haƙuri yakan dafa dutse, balle cika bokiti.

Da bazara ta kama, cikin Afrilu, lokacin da zafin ƙasarmu ke haura digiri 40, rana ta riƙa dafa baƙin tankin nan tun daga hantsi. Na shiga wanka bayan azahar, na murɗa dama ina jiran sanyi, sai da na yi tsalle na bugi ƙofa. Na murɗa hagu, zafi. Na tsai da shi tsakiya, ya sirka mini zafi da zafi. Da hunturu ya zo kuma, asubar da ake neman ruwan ɗumi ido rufe, babu wutar da za ta tashi hita, sai ya sirka mini sanyi da sanyi. Uwargida ta ci gaba da ɗora tukunyarta a murhu, tana kai mini ruwa a bokiti, ta ajiye shi daidai ƙarƙashin famfon, ba ta cewa komai.

Hujjata ta ƙura ma ba ta tsira ba. Ƙura dai ba ta nunawa, amma ruwan burtsatsenmu idan ya bushe yakan bar fari-fari, kuma a jikin abu mai duhu ya fi fitowa. Cikin 'yan watanni famfona ya zama kamar ƙafar yaron da bai shafa mai ba.

Ana haka uwargida ta sauka, dangi suka zo suna daga Kebbe, cikinsu har da gwaggonta, tsohuwa mai tsabtar da ko tukunyar maƙwabta ta gani da baƙi sai ta karɓa ta darje. Ranar jajibirin suna ina waje wajen rago, ita kuwa ta shiga kewayawa ta ga abin da ta gani. Ta aika aka kawo mata toka da yashi da soson ƙarfe. Da na dawo na tarar da mata sun yi cirko-cirko a ƙofar banɗaki. Da yake ni suruki ne ba ta yi mini magana kai tsaye ba, uwargida ta fuskanta, amma da muryar da har zaure ana ji: "Ke ɗiyag ga, wanga abu da mijinki yas sawo tsatsa ta cinye shi sarai. Ga shi nan na hisshe ku kunya kahin baƙi su gani."

Na leƙa. Famfona ya yi fari tas, yana ƙyalli kamar sabon kwanon sha, sai ɗan ragowar makuba a bayan wuyansa inda hannunta bai kai ba. Na haɗiye abin da ya taso mini, na ce, "An gode, Gwaggo, Allah ya saka da alheri." Ta ce ba komai, gobe za ta ƙarasa wuyan.

Tambuwal da Kebbe mazaɓa ɗaya muke a Majalisar Wakilai, labari ba ya neman izini kafin ya ƙetara. Kafin a yi arba'in, duk dangi sun ji cewa gini ya ci ƙarfin Malam har ya koma sayen famfon gwanjo. Surukina, mutumin kirki, ya aiko mini da buhun gero da sabuwar buta, da saƙon cewa in riƙa bin duniya a sannu.

Mai sha'awar irin wannan famfo, ba na hana ka, yana da kyau ƙwarai. Amma ka fara auna tsawon tankinka, ka binne bututu biyu kafin a sa tayil, ka san inda wutar hita za ta fito. A shago ka ɗaga shi ka ji nauyi, ka leƙa cikin bakinsa: in ka ga rawaya tagulla ce, in ka ga fari fenti kake saye. Gogewa kuma da tsumma mai laushi ake yi, ban da toka. In kuwa kana da suruka mai tsabta irin tawa, sayi fari tun farko, ka hutar da ita.