Hular Yaya Ta Nufi Lokoja

Gurara iri biyu ce, kuma ɗaya kawai taubashina ya nuna mini. Da rani, wajen Janairu zuwa Maris, ruwan yakan ja baya ya yi garau, mutane su shimfiɗa tabarma a kan duwatsu su ci abinci, masu ƙarfin hali har su yi wanka. Da damina kuwa kogin yakan cika bakin dutsen, faɗin kusan mita 200, ya zubo daga tsayin wajen mita 30, jajawur da laka, yana ruri. Hotunan da ya turo mini duk na rani ne, mu kuwa a watan Agusta muka tafi. Wannan bambanci sai a hanyar dawowa ya tuna da shi.

Wai hotona na WhatsApp ya tsufa, a je a ɗauko sabo mai ruwa a baya. Don haka na ci ado: farar shadda da ta sha sitaci da bugu, takalmi sau-ciki, da hular kube ta Yaya, wadda na ara ba tare da na dame shi da tambaya ba, tunda barci yake yi.

Daga Suleja muka kama hanyar Minna, muka ratse. Tun kafin mu ga ruwan muke jin ƙararsa. Da muka fara gangarawa, feshin ya tarye mu, sitacin ya saki, rigar da ta fito gida tana tsaye da kanta ta manne mini a ciki.

“Mu koma,” in ji ni.

“Kai dai matsoraci ne tun kana yaro,” in ji taubashi. “Hau wancan dutsen, a nan haske yake.”

Wanda ya san taubasantaka ya san ba a jin irin wannan magana a juya. Na hau.

Wani saurayi Bagwari da ke yi wa baƙi jagora ya hango ni daga sama, ya shiga ɗaga hannaye biyu yana ihu. A gindin Gurara ko kakaki aka busa ba za ka ji ba, balle muryar mutum. Ni kuma an yi mini tarbiyya: idan aka ɗaga maka hannu, ka mayar. Hannun da na mayar da gaisuwar da shi, shi ne wanda ke dafe da hular.

Iska ta ɗauke ta. Na kai mata cafka, sau-ciki ya haɗu da gansakuka, ƙafafuna suka yi sama, na zauna daɓas a wani kwarmin ruwa, na fito kamar kazar da aka tsoma za a fige. Hular kuwa ta sauka a kan ruwa a mutunce, ta yi juyi, ta kama hanya.

Saurayin ne ya sauko ya jawo ni. “Sannu Alhaji. Santsi nake gaya maka, ko mu ba ma taka wurin nan da damina.” Taubashi bai samu damar taimakawa ba, hannunsa na riƙe da waya. Ya ce bidiyon ya fito tas, har da ƙarar zaman.

Mai motar ya shimfiɗa mini leda kafin ya yarda in zauna. Kafin mu wuce Dutsen Zuma, bidiyon ya riga ya shiga zauren danginmu, Goggo ta kira tana salati tana dariya, ba a gane wanne ya fi yawa.

Yaya muka tarar a ƙofar gida. Bai tambayi lafiyar ƙuguna ba.

“Ina hulata?”

Taubashi ya gyara tsayuwa ya yi masa bayani dalla-dalla: Gurara cikin Neja take zubawa, Neja kuma ta haɗu da Binuwai a Lokoja, saboda haka idan Yaya ya kama motar asuba, yana iya riga ta isa.

Yaya ya dube shi, ya dube ni, ya ce kuɗin motar ma ni zan biya.