Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ciwon Suga

Alhaji Ciwon Suga,

Ina gaisuwa, ba don ka cancanta ba, sai don haka aka rene mu a Wurno.

Da can mun ɗauka kai baƙon alhazan birni ne masu tumbi. Ashe manomin albasa a fadama da ɗan makaranta a Rabah ma ba ka raina su ba.

Wata muguwar dabararka ce ta sa na ɗauki alƙalami. Idan insulin ya yi ƙaranci, suga ya cika jini amma ya kasa shiga tsoka, tamkar madatsar Goronyo ta cika ta batse, ƙofofi a kulle, shinkafa na bushewa a ƙasa. Yunwa ta kama jiki, ya auka wa kitsensa. Hanta ta sarrafa kitsen ta fitar da sinadarin kiton mai tsami, ya taru ya tsamar da jini. Ma'aunin tsamin lafiyayyen jini 7.35 zuwa 7.45 ne, da ya faɗo ƙasa da 7.3, an shiga uku.

Ga ka gwanin ɓad da kama. Ƙishirwa, yawan fitsari, amai, ciwon ciki, sai a ce shawara ce, a jiƙa saiwa. Can mara lafiya ya fara jan dogon numfashi da sauri, huhu na faman rage tsamin, baki na warin 'ya'yan itacen da suka nuna suka zarce. Nan kuma a ce mutanen ɓoye ne. Likitan Jamus Kussmaul ya bayyana numfashin nan tun 1874, mu har yau garwashin turare muke hurawa.

Abokan cin mushenka ma na san su: maleriya, allurar insulin da zafin bazara ya lalata, azumin da aka ɗauka ba shawarar likita, da mai cewa tunda bai ci tuwo ba, yau ba sai ya yi allura ba. Wannan na ƙarshe ya fi faranta maka.

To, tun 1921 aka gano insulin a Toronto, kuma ƙarin ruwa, insulin da fotasiyam a gadon asibiti suna karya lagonka. Na shaida wa mutanenmu: mai suga ya fara amai, a gwada jininsa, a nemi mota, ko da sai an dangana da asibitin koyarwa na Sakkwato.

Ba sai ka wahalar da kanka da amsa ba.

Naka ala tilas,
Wani manomin tafarnuwa, Wurno