Madalla da masu tsaron lafiya na garin Hyde

A gaishe da hukumomin lafiya na Ingila, a ƙara gaishe su. Sun koya wa duniya yadda ake girmama likita, ko da girmamawar za ta ci rayuka sama da 200. Wanda aka yi wa wannan karamci shi ne Harold Shipman, likitan iyali a garin Hyde kusa da Manchesta, irin likitan da kowa ke roƙon Allah ya haɗa shi da shi. Ba ya jira a kawo masa tsohuwa. Da ƙafarsa yake takawa har gida bayan azahar, ya zauna, ya tambayi lafiyar jikoki, ya ce bari a ɗan ɗebi jini a duba. Can da yamma sai maƙwabta su leƙo su tarar da ita zaune a kujera, tufafinta tsaf, rai ya yi halinsa. Ba jinya, ba ɗawainiya, ba a tare wa kowa gadon asibiti ba. Allura guda ɗaya ta dayamofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, ta gama komai.

Jinjinar farko ta majalisar da ke ba likitoci lasisi ce, wadda suke kira GMC. A 1976 kotu ta sami Shipman da laifin rubuta takardun magani na bogi don ya samo wa kansa fetidin, maganin kashe zafin da ya zame masa jaraba lokacin yana aiki a Todmorden. An ci shi tarar fam 600. Majalisa ta duba ta ga bai dace a tozarta ɗan'uwa ba, sai ta aika masa wasiƙar gargaɗi ta naɗe tabarmar maganar. Rufin asiri ke nan irin na 'yan halak. A 1977 ga shi a Hyde da alƙalaminsa, yana rubuta maganin da ya ga dama. An ba kura ajiyar nama, kuma ba wanda ya yi rashin kunyar komawa ya ƙirga tsoka. Yakan rubuta wa mai ciwon daji dayamofin fiye da buƙata ya karɓo da kansa, in kuma mara lafiya ya rasu ya kwashe ragowar da sunan zai zubar.

Sai abokan aikinsa, masu zumunci. Yawancin mamata a Ingila ƙona gawarsu ake yi, kuma dokar wancan lokacin ta ce kafin a ƙona sai likita na biyu ya sa hannu cewa ya gamsu da sanadin mutuwar. Da wa zai bincika? Da likitan farko mana! Ya saurari bayaninsa, ya leƙa gawa, ya rattaba hannu, a biya shi ladan sa hannun. Ba a matsa wa iyalan mamaci da tambayar yadda abin ya faru ba, ai suna cikin makoki. Haka shaida ta riƙa zama toka shekara da shekaru, da hatimin likita biyu a kanta. Iyalai kuwa suna ta yi wa Shipman godiya da ya kasance kusa da mahaifiyarsu a lokacinta na ƙarshe. Duk wanda ya taɓa barin tsohuwarsa a hannun likita ya tafi aiki da kwanciyar hankali ya san nauyin wannan godiya.

Marasa ladabi a garin ba su da yawa. Akwai wani direban tasi da ya ga tsofaffin da yake ɗauka suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, duk marasa lafiyan likita guda, har ya riƙa rubuta sunayensu. Ya daɗe bai buɗe baki ba, don ya san matsayinsa: ina direba ina zargin likita? Akwai masu shirya gawa da suka yi mamakin yadda mamatan Shipman ke mutuwa a zaune da kayansu a jiki maimakon a kan gadon jinya. Ɗayansu ya je ya tambaye shi, Shipman ya buɗe masa littafi cikin fara'a, ya dawo da kunya. Sai wata likita a asibitin da ke tsallaken titi, wadda ta ga takardun ƙona gawa sun yi yawa ta kai maganar ga jami'in binciken mutuwa a Maris 1998.

A nan 'yan sandan Manchesta suka nuna tarbiyyarsu. Ba su duba ko likita yana da tsohon laifi ba, ai cin fuska ne. Ba su nemi a binciki gawar kowa ba. A Afrilu suka rufe bincike, ba tare da sun ɓata wa likita rai ba. Mata uku ya ƙara kashewa bayan nan.

Ta ƙarshensu tsohuwa ce mai shekara 81, garau take har safiyar da ya ziyarce ta a Yuni 1998. A takardar shaidar mutuwa ya rubuta tsufa. Da ya tsaya nan, da ta bi sahun sauran. Sai ya taɓa abin da ba a taɓawa, wato dukiya: wasiyya ta ɓullo wai ta bar masa fam 386,000. 'Yarta lauya ce, tana gani ta ce wannan ba ta mahaifiyarta ba ce. Nan da nan kowa ya farka. Aka tono gawa aka sami maganin a jikinta, aka gano tafiretar da aka buga wasiyyar a wurin likita, aka buɗe kwamfutarsa aka ga yana komawa ya ƙirƙira wa mamata ciwon da ba su taɓa yi ba. Kwamfutar ba ta san girman likita ba, ta ajiye ainihin ranar da ya shigar da kowace ƙarya. Madalla da tsarin da ya san darajar fam, ran tsohuwa kuwa ya bar wa Allah.

Ranar 31 ga Janairu 2000 kotu a Preston ta same shi da laifin kashe mata 15. Kwamitin bincike na mai shari'a Janet Smith ya tabbatar da kisan mutum 215 a rahotonsa na 2002, mata 171 da maza 44, daga baya ya ƙiyasta jimillar ta kai wajen 250. Ya kuma ce GMC ta fi damuwa da kare likitoci a kan kare marasa lafiya, kamar dai wannan abin kunya ne ba abin alfahari ba. A 2003 kwamitin ya ba da shawarar kada a ƙara barin likitan da ya yi jinya shi kaɗai ya faɗi abin da ya kashe mara lafiyarsa, sai wani mai zaman kansa ya duba, ya kuma ji ta bakin iyali. Gwamnati ta karɓi maganar da natsuwar da ta dace da manya. Dokar da ta wajabta haka a Ingila da Wales ta fara aiki a Satumba 2024, shekara 21 bayan shawarar, shekara 20 bayan Shipman ya rataye kansa a kurkukun Wakefield.