Taubashi, Wa Ya Ce Maka Wanka Ake Yi da Turare?

Gaisuwar ubangida zuwa ga bawansa. Ina fatan Gwaggo tana lafiya, kuma hancinta ya fara warwarewa.

Labarinka ya riga ka isowa, taubashi, kuma iska ce ta kawo shi. Tun da ka dawo daga Yamai da baƙar kwalbar nan mai murfi ruwan zinariya, mutanen Filinge suka daina tambayar ko kana gari. Idan ka fito da hantsi, 'yan fada sun san ka taho tun ba ka karyo kwana ba, sai ka ga mai dafa shayi ya yi maza ya kife kofuna.

Zan faɗi gaskiya sau ɗaya, ko da yake ba ta cikin abin da muka gada ni da kai. Turaren yana da kyau. Ranar da ka shiga wanka ka bar shi a kan taga, na fesa kaɗan a bayan hannuna. Abin da ya fara bugun hancina zafin alkol ne, da ɗan yaji-yajin kirfa, bai kuma daɗe ba ya wuce. Sai zaƙi ya taso mai nauyi, na dabino da zuma da banila, har yawu ya tsinke mini. Can bayan la'asar, da zaƙin ya kwanta, itacen ya bayyana: ƙamshi busasshe mai ɗumi, da ɗan hayaƙi a ƙarƙashinsa. Shi ne ya kwana a hannun rigata. Da gangan masu haɗa turare ke jera shi haka, mai saurin tashi ya fara gaisawa da hanci, mai nauyi ya zauna a fata. Shi ya sa mai hankali ba ya saye da shaƙar farko, fesawa yake yi ya zaga kasuwa ya dawo. Kai kuwa na san ka, murfin ka gani ka zaro kuɗi.

Itacen ne ma ya fi ba ni dariya. Kai da Gwaggo ta yi ta fama da kai ka je ka samo mata sabara ko kalgo na girki, kullum ciki ke maka ciwo, yau kai ne ka zuba jika 15 don ka riƙa ƙamshin itace. Ka tashi a Dallol Boso tsakanin gawo da aduwa da goriba, ba ka taɓa tsayawa ka shinshina ko ɗaya ba, sai da 'yan kasuwar Dubai suka ɗura maka a kwalba.

Na kuma ji kana gaya wa yara wai udu ne tsantsa. Zauna in karantar da kai, kyauta. Udu daga bishiyar da ake kira Aquilaria yake fitowa, a dazuzzukan Asam ta Indiya, da Kambodiya, da Biyetnam, da Lawos, da Malesiya. Lafiyayyar bishiyar ba ta da wani ƙamshi, itacenta fari ne marar nauyi. Sai ta ji rauni funfuna ta shige ta, sannan take fitar da baƙin ƙaro don kare kanta, ya yi ta jiƙa zuciyar itacen shekara da shekaru. Wannan baƙin ake sassaƙowa a ƙona a kan garwashi, ko a dafa a tatsi mansa. An sare bishiyoyin har suka yi ƙaranci, dalilin da ya sa a 1995 aka shigar da nau'i ɗaya cikin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin tsirrai da namun daji, a 2004 aka haɗa da sauran danginsa. Man udu na gaske da tola ake auna shi, 'yar kwalbar da ba ta wuce babban yatsa ba, kuma mafi daraja a cikinsa tola ɗaya sai ta lashe kuɗin saniyar Azawak ta garken Tukunus. To kai da ka samo mililita 100 a jika 15, wace bishiyar ce ta yi maka ciwo?

Abin da ke cikin kwalbarka haɗin masana sinadarai ne, an kwaikwayi udu da sandal, kuma an iya kwaikwayo. Ba abin kunya ba ne, galibin turarukan kasuwa haka suke, har da masu tsadar. Turawa ma ba su daɗe da kama udu ba: a 2002 Yves Saint Laurent ya fito da M7, a 2007 Tom Ford ya fito da Oud Wood, alhali mahajjatanmu sun daɗe suna dawowa daga Makka da gutsattsarin itacen a ƙulle cikin jaka. Abin kunyar shi ne yadda kake aiki da shi.

Turare mai zaƙi da nauyi irin wannan na lokacin sanyi ne. A watan Afrilu, sa'ad da zafin ƙasarmu ta Kurfai ke haura digiri 40, rana na tayar da shi gaba ɗaya a lokaci guda, ya gauraye da zufa. Hancinka kuma ya saba, jim kaɗan ka daina ji, sai ka ɗauka ya ƙare, ka ƙara. Kai ka huta, mu ke shan wahala.

Ka tuna motar da muka shiga zuwa Yamai? Ka fesa a tasha, ka ƙara da aka tsaya a Bonkuku ana ɗora buhunan dankalin turawa. Kafin mu kai Baleyara, tsohuwar da ke bayanka ta janye kwandonta ta rufe da mayafi, ta taɓa kafaɗarka ta ce: "Ɗana, don Allah ka tausaya mini. Cuku ne zan kai kasuwa, wa zai saya yana ƙamshin ango?" Mota duka ta fashe da dariya. Kai kuwa sai ka gyara hula ka ce, "Na gode, Inna," ka ɗauka yabo ne.

Ranar Juma'a ma ba ka bar mu ba. Sa turare sunna ce, babu mai ja da wannan. Amma sahun da ka tsaya ne kaɗai aka yi ta cewa "a matso, a cike gurbi" babu mai matsowa. Dubi kawunka, mahaifina. 'Yar kwalbar Bintu Sudan guda, turaren nan da aka fara haɗawa a 1920, wanda fatake ke kawowa daga Kano, ita ke kai shi daga Sallah zuwa Sallah. Kan yatsa yake dangwalawa ya shafa a gemu da wuyan riga. Sai ka durƙusa gaishe shi kake jin ƙamshin, ka kuma tashi kana son ka ƙara ji. Naka kuwa har wanda ba ya gaisawa da kai sai ya sha rabonsa.

Kakanninmu Kurfayawa da doki da mashi aka san su. Da a zamanin Mayaƙi Gado Namalaya ka zo, da ba a fita da kai ba, don kwanton ɓauna ba ya yiwuwa da mutumin da ake jiyowa daga hayin dallol. Gida za a bar ka, ka tsare awaki.

Ga hukuncina. Fesawa biyu ta isa, ɗaya a wuya, ɗaya a ƙirjin riga. A daina ajiye kwalba a kan taga, rana na lalata turare. A kuma jira hunturu, Disamba ko Janairu, lokacin da sanyi zai riƙe zaƙin ya bar itacen ya fito a hankali. Tunda kuwa na san ba ka da wannan haƙurin, ka aiko yaro da kwalbar ta zauna a wurina, mu cire daga bashin sharar Cika-ciki da ke tsakaninmu. Malamai sun ce ba a mayar da kyautar turare, saboda haka ko na so ƙi, ba ni da iko.

In ka ji haushi, ka sani tun 2014 UNESCO ta sa wasan taubasantaka na Nijar cikin al'adun da duniya ta gada, ofishinta kuma a Paris yake. Can za ka kai ƙarata. Sai dai kada ka fesa kafin ka shiga jirgi, tagoginsa ba sa buɗuwa.