Gida Ɗaya, Kowa da Aljihunsa

Ku matso mu yi zancen gida, mu ya mu. Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Ɗambatta, zamanmu iri ɗaya ne. Gona na jingine da gona, ba sauran dajin da mutum zai sara ya kafa nasa. Shi ya sa muke cunkushe a gidan gado: zaure ɗaya, sassa shida ko takwas, wa da ƙane da 'ya'yan baffa, kowa da iyalinsa. Rijiya ɗaya muke ja, katanga ɗaya ke rufa mana asiri. Lafiya lau ake zaune har ranar da aka ce a kawo kuɗi.

A ranar ake ganin halinmu. Maigida zai aiki yaro sashe-sashe, a ce katangar yamma ta tsage, ga damina ta matso, kowane magidanci ya kawo nasa a kira magini. Yaro ya dawo da saƙo iri-iri. Yaya babba ya ce a gaya wa Baffa sai ranar kasuwa. Mai bi masa ya ce ai ba bayan ɗakinsa ba ce. Na uku tun asuba ya ɗora wa jaki mangala ya tafi kai taki, ba a ƙara ganin ƙeyarsa ba sai bayan isha'i. Na huɗu ya ɗaga waya ya ce wallahi ya tura, sabis ne ya riƙe. Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 muka samu wannan sabuwar maɓoya. Ana cikin jan ƙafa ruwan Agusta ya kwana yana zuba, katanga ta kwanta. Awakin maƙwabta su shigo har bakin murhu, matan gida su kasa sakewa a tsakar gidansu saboda idon masu wucewa. A tare da zana, a ce kafin kaka. Aikin da yaɓen yini guda zai tsare ya koma sabon gini.

Cikin gida ma haka ne. Igiyar guga ta tsinke, a yi kwanaki ana kallon-kallo, daga ƙarshe kowace facala ta sayi guganta, in ta gama jan ruwa ta naɗe igiya ta kai ɗaki ta rataye. Masai ya cika, kowa ya toshe hanci ya wuce, ana jiran wanda zai fara magana don a ɗora masa. Inda wuta ta iso kuwa, takardar kuɗi ɗaya ce take zuwa. Mai firij yana sayar da ƙanƙara ya ce a raba daidai, mai ƙwai ɗaya a ɗaki ya ce shi ba zai biya wa wani kasuwa ba. Sai an ga 'yan NEPA da tsani a jikin falwaya sannan kowa ya fito yana salati. Haka tuƙa-tuƙar unguwa take lalacewa ta shekara a tsaye, 'yan matanmu na tafiya mai nisa da bokiti a ka. Burtsatse mai inji ma, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, karo-karon kuɗin fetur ya zama abin da ke haɗa 'yan'uwa faɗa.

Dattawa za su gaya maka da ba haka ake ba, kuma da gaskiyarsu. A zamanin gandu, uba da 'ya'yansa gona ɗaya suke nomawa, in an tashi kowa ya wuce gayaunarsa. Rumbu na hannun maigida. Shi ke ciyarwa, shi ke aurar da samari, shi ke biyan harajin mazan gida, shi ke gyaran soro da yasar rijiya. Ba a tambayar wa zai biya, domin an sani. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, talakawa suka yi murna, kuma sun cancanci murnar. Gandu kuwa ya ci gaba da sassautowa. Gado ya yi ta yanka gonaki har suka zama 'yan fegi. Samari suka nufi dako a Dawanau, tuƙin Adaidaita a birni, noman rani a Watari, ci-rani a Legas da Abuja. Tukunya ta rabu, rumbu ya rabu, amma katanga da rijiya da zaure ba sa rabuwa. Aka bar maigida da suna da nauyi, abin ɗaukar nauyin ya watse a aljihu goma.

Kada mu ce duk babu ce. Wanda ya ce ba shi da naira ɗari biyar ta igiya, ranar sunan ɗan abokinsa yana sahun gaba da gudummawa. Matanmu ba sa tsallake zubin adashi, ba sa manta bikin da aka kawo musu, har ninkawa suke in za su mayar. Me ya sa? Can ana ƙirgawa, ana tunawa, akwai kunya. Kuɗin katanga ne ba mai rubutawa.

Ƙarshenta nauyin ya tattaru a kan mutum ɗaya, malamin makaranta mai ɗan albashi ko wanda ke kasuwa a birni. Mu ce ai Allah ya hore masa. Ya biya bana, ya biya baɗi, ran da ya gaji ya sayi fili a bakin titi ya sa bulo ya kwashe iyalinsa. Mu kuma mu ce ya yi kuɗi ya guji dangi, alhali mu muka kore shi.

Akwai wanda da gaske babu. Gwaggo mai riƙe da marayu, tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, waɗannan ɗaukarsu wajibi ne a kanmu. Matashi mai lafiya da ba shi da kuɗi yana da ƙarfi: ya haƙo ƙasa, ya kwaɓa, ya miƙa wa magini. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shawarata, mu daina neman kuɗi a tsakiyar damina, lokacin da kowa ke fama da taki da ladan 'yan ƙodago. A bari sai kaka, gero da dawa da gyaɗa sun shigo gida. A zauna a zaure, kowane sashe ya auna tiyoyin da aka yanka masa, mai firij da mai dabbobi da yawa su ƙara a kan na saura. A damƙa wa amintacce, a rubuta a littafi, a karanta a gaban kowa, matan gida ma su ji. Wanda ya ƙi, Baffa ya kira shi ya yi masa magana. In ta gagara, mai unguwa na nan.

Ruwan da ka sha da igiyar da wani ya saya, kana da hali ka noƙe, haƙƙi ne a wuyanka, kuma haƙƙin ɗan'uwa sai shi ya yafe. Mu sauke tun muna da rai, domin yaranmu na tsaye a gefe lokacin da muke cewa a gaya wa Baffa ba ma nan.